Daga Bakin Shago: Yaron da ke kai kalangu Village

 

Saƙon wannan mako daga wani dattijo ya fito, mai sayar da yadi a Marshe Kongo, wanda ya haura shekara talatin a New Bell. Ya roƙa a sakaya sunansa, mun sakaya. Kukansa a kan ɗansa na uku ne, wanda ke tsare masa shago da rana. Ashe duk daren Juma'a da na Asabar yaron nan bensikin yake hawa ya tafi Village, da kalangu a cikin jakar goyo. Can suna da ƙungiyar kiɗa, su shida. Mai jitar bas ɗan ƙabilar Basa ne, mai fiyano Bamileke, mai waƙa 'yar Duwala, shi kaɗai ne Bahaushe. Ba su da ubangida, ba kamfanin da ya ɗauke su, su ke shirya waƙoƙinsu, su gauraya makosa da bikutsi da kiɗan Hausa. Abin da ya fi ƙona wa Alhaji rai, bai ji daga bakin yaron ba, a wayar maƙwabcin shago ya gani, ana ta yawo da bidiyon a WhatsApp. Yana tambaya: ya kore shi daga shagon ne, ko ya tura shi Kano wurin baffansa?

Bari mu fara da gaskiyar Alhaji, don yana da ita. Duk wanda ya taɓa dawowa daga Yawunde da dare ya ratsa Village ya san abin da ake faɗi. Mashaya jingine da mashaya, kowace lasifikarta na neman danne ta maƙwabciya, ga hayaƙin gasasshen kifi, ga direbobin manyan motoci da aljihu cike. Mahaɗar da ke can har laƙabi mutanen gari suka yi mata, J'ai raté ma vie, wato rayuwata ta lalace, kuma ko da hukuma ta raɗa mata sunan Nelson Mandela, 'yan bensikin ba su saki tsohon sunan ba. Uban da zai ji ɗansa na raba dare a irin wannan wuri gabansa bai faɗi ba, to a binciki ubancinsa. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai.

Sai dai ni a ganina akwai tsoro na biyu wanda Alhaji bai rubuta ba, tsoron kada a ce ɗansa ya zama maroƙi. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma kusan kowace sana'a da nata: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki na sarakuna. Makaɗi yana da ubangida, ya wasa shi, a ba shi riga, a ba shi doki, in an yi sa'a har kujerar Makka. Ɗan fatake kuwa an rene shi a kan hannunsa ne ke sama, shi ke bayarwa. Mu ne za mu saurari Shata tun daga Duwala har Ngaundare ba mu canza kaset ba, mu ne kuma idan ɗan makaɗi ya aiko neman auren 'yarmu sai mu ce a dakata tukuna, yarinya tana karatu. Wannan halinmu ne, ba na Alhaji kaɗai ba.

To, kafin a yanke hukunci, ya kamata a san cewa masu kiɗan dare a garin nan iri biyu ne, kuma ɗan kasuwa shi ya fi kowa saurin gane bambancin.

Akwai 'yan kabare. Mai gidan shi ya sayi jita da ganguna da lasifika, shi ke ɗaukar makaɗa, ya biya su na dare. Aikinsu su buga waƙoƙin mutane, duk wadda mai shan giya ya aiko a yi masa, tun daga tsohuwar makosa har ndombolon Kongo. Liƙin da ake yi, wanda a nan suke kira farotaj, galibi a goshin mai waƙa yake ƙarewa, na baya sai abin da aka ga damar miƙo masa. Ranar da mai gida ya gaji da kai, hannu rabbana za ka fita, ko sandar ganga ba taka ba ce. Mun san irin wannan a kasuwa: yaron shagon da ya shekara goma sha biyar yana auna wa maigida yadi, ba a taɓa sallamarsa ba.

Akwai kuma ƙungiyar da ke cin gashin kanta, irin wadda Alhaji ya kwatanta. Su suka haɗa kuɗi suka sayi kayan, su ke biyan hayar wurin gwaji, su ke neman inda za su yi wasa, waƙar tasu ce, riba tasu, faɗuwa ma tasu. Wannan haɗin jari ne, kamar 'yan koli huɗu su kama rumfa ɗaya. Ta fi wahala nesa ba kusa ba, domin mai gidan rawa ya fi son waƙar da kowa ya riga ya sani, ita ke sa a yi ta odar kwalba. Baƙuwar waƙa kuwa sai a bar ku ku yi biyu ko uku kafin mutane su cika.

Ko irin wannan tana ɗorewa? Misalin da ya fi kusa da mu a Yamai yake. A shekarar 2000 wani mai jita, Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya kafa ƙungiyar Tal National. Mutumin nan tsohon ɗan ƙwallo ne, kuma alƙali ne a kotu. E, alƙali. Da rana yana shari'a, da dare yana riƙe da jita. Ya tara Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, kowa ya zo da kiɗan gidansu da harshensa, suka ɗora a kan jita da gangunan zamani da kalangu. Abin da ya fi burge ni a lamarinsu ma yadda suka tafi da shi kamar kasuwa. Dare biyar suke wasa a mako, kowane dare wajen awa biyar. Sun fi goma, amma ba duka ke hawa dandamali lokaci guda ba, ana karɓa-karɓa, in kuma buki biyu ya haɗu a dare ɗaya sai su rabu biyu, kada ciniki ya wuce. Da suka yi faifai, Nijar ba ta da dillalan da za su rarraba musu, sai suka fita da kansu suna sayarwa a shataletalen Yamai, kamar mai tallar goro. Almeida ya ɗauko wani injiniyan sauti daga Shikago, Jamie Carter, ya zo har Yamai da kayan naɗa, maimakon a kwashi mutum goma sha wani abu a kai ƙasar waje. Sai a 2013 wani kamfanin Ingila, FatCat, ya fitar da faifansu Kaani zuwa kasuwar duniya, Zoy Zoy ya biyo a 2015, Tantabara a 2018, suka yi ta zagaya Amurka da Turai.

Ku lissafa da kyau, daga 2000 zuwa 2013 shekara goma sha uku ke nan suna buga wa mutanen gari kafin duniya ta ji su. Kuma shugaban bai jefar da aikinsa na rana ba. Waɗannan abubuwa biyu nake so yaron Alhaji ya ji, don na san su yara 2013 ɗin kawai suke hange.

Kada kuma a ɗauka iya kiɗa shi ne iya riƙe kasuwarsa. Garin nan bai haifi makaɗin da ya kai Manu Dibango suna ba. An haife shi a Duwala a 1933, iyayensa suka tura shi karatu Faransa a 1949 da kilo uku na kofi a cikin kayansa, abin biyan masu masaukinsa. Ya dawo gida a 1963 da iyawa da suna, ya buɗe gidan rawa a nan Duwala mai suna Tam-Tam. Lokacin ƙasa ba ta zauna ba, ga dokar hana fitar dare, gidan rawa kuwa dare ne kasuwarsa. Ya karye, ya tattara ya koma Faransa. Soul Makossa da ta ɗaga shi sai a 1972 ta zo, ita ma a bayan faifai aka maƙala ta, gaban faifan taken gasar cin kofin Afirka ne da Kamaru ta karɓi baƙunci a shekarar. Wato hajar da aka ɗauka gyara ce, ita ta biya bashin shago. In Dibango zai karye a kasuwar daren Duwala, to yaro mai kalangu ɗaya ya yi wa kansa lissafi. Yau ba dokar hana fita, amma akwai ruwan Yuli da Agusta da ke zaunar da mutane a gida, akwai ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa, akwai hukumomin haƙƙin mawaƙa da aka yi ta rushewa ana sake kafawa, daga SOCINADA zuwa CMC zuwa SOCAM zuwa SONACAM, mawaƙa na ta jiran rabonsu. Ga namu yaron kuma akwai watan azumi, wanda dole ya ajiye kalangu, abokansa su nemi yadda za su yi.

A gefe guda, gidan rawan Duwala ya taɓa zama makaranta. Richard Bona, wanda yau ake sa shi cikin manyan masu jitar bas na duniya, yana ɗan shekara goma sha uku a 1980 wani Bafaranshe mai kulob a garin nan ya ɗauke shi ya haɗa masa 'yan kiɗa, ya kuma buɗe masa tarin fayafayan jaz ɗinsa. Can ya ji Jaco Pastorius, ya koma bas. Yaron da ya fara da jitar da ya ƙera da wayar birkin keke. Ba na cewa kowane yaro Bona ne. Dubu nawa suka shiga ƙofar nan suka fito da tari da bashi?

Yanzu ga kiɗan kansa, tunda wasu dattawa sun ce da ni abin ma shirme ne, an zuba miyar kuka a kan ndole. Ni ban yarda ba, amma gaurayen yana da wuya, kuma wanda ya iya shi ya cancanci a ce ya iya. Makosa a kan bugu huɗu take tafiya, bas ne ke jan ragama, sauran na biye. Bikutsi na mutanen Beti gudu take yi a kan shida, jitarta ma kwaikwayon balafon take, tun da Messi Martin ya gano a cusa ƙyalle a tsakanin wayoyi don sautin ya daskare. Kalangu kuma magana yake yi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai kalangu na matse igiyoyin a hammata yana saki, fata na ɗaurewa tana sassautawa, sai ka ji take ya fito kamar da baki aka faɗa. Matsalar ita ce a makosa bas ma surutu yake yi, ba ya shiru. In ba a shirya ba, sai su zama dillalai biyu a kan saniya ɗaya. Ƙungiyar da ta san abin da take yi takan sa bas ya yi tambaya, kalangu ya amsa, ko kuma bas ya koma ƙasa ya riƙe gindi a bar wa kalangu fili. Wadda ba ta sani ba, sai ta rataya wa yaro kalangu da hula zanna don a yi hoto, ba a ma jin sa a lasifika. Wannan kam ado aka yi da shi, kuma gara ya zauna a shago. Ga wata wahalar da makaɗan Kano ba su sani ba: laimar Duwala na kashe fata. Kalangun da ke kuka tangaran a Katsina, a nan kafin a yi waƙa uku ya saki, sai an gasa shi a jikin ƙwan fitila ko a gefen gawayin mai kifi.

Kuma gauraye ba yau aka fara ba, mu dai muna mantuwa ne. Bala Miller, mutumin Zariya, a 1977 ya tara matasa a Costain Club ta Kaduna, ya ɗora waƙar Hausa a kan kayan busa da jitar hailaif, daga baya har shirinsa ya samu a talabijin ta NTA. Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗauko waƙoƙin bori ya sa musu jita, faifan Niamey Twice da suka yi da Moussa Poussy ya fita a 1994. A nan Kamaru, iyayenmu mata ba su manta Ali Baba na Garwa ba, mai Soul Gandjal, wanda a shekarun 1980 ya kai Hausa da Fulatanci dandamalin da a da makosa ce kaɗai ke hawa, ya rasu a 2004. Bayansa Isnebo da Faadah Kawtal suka ɗora da Fulatanci. Waƙoƙin fim ɗin da ke tashi a kowane gida a New Bell fa? Karin Indiya ne a kan fiyanon Yamaha, aka sa masa Hausa, muka karɓa har muka manta baƙo ne.

New Bell kanta ai gauraye ce. Jamusawa ne a 1914 suka tashi mutanen Bell daga tudun Joss suka ware musu nan, daga baya ta zama masaukin baƙi, Bahaushe da Bamileke da Basa da Ewondo katanga ɗaya. Yaron da aka haifa a nan ya tashi da kiran salla a kunnen dama, makosa a na hagu, yana ciniki da Faransanci da Fijin, yana cin tuwo da Hausa. Lapiro de Mbanga da yaren 'yan talla ya yi waƙa, su sobetar na bakin titi, shi ya sa kasuwa ta ɗauke shi nata, har zaman da ya yi a kurkukun New Bell bayan kama shi a 2008. Mu muka kawo yaran nan garin, mu muka yi musu rajistar lekol a nan. In kiɗan da ke fita daga hannunsu ya fito da kamannin unguwar, ban ga abin mamaki ba. Abin da ya ba ni mamaki ma shi ne da yaron ya tashi zaɓa, kalangu ya ɗauka. Sa'o'insa nawa ne ba sa iya ƙirga kuɗi da Hausa?

To Alhaji, ga tawa shawarar, ka ɗauka ko ka bari.

Batun Kano ka cire shi. Kanon da ke da Zoo Road, inda sutudiyo ke jere kamar rumfunan Kantin Kwari, can za ka kai mai son kiɗa don ya daina? Baffansa ma da nasa yaran yake fama. Korar shago kuwa ta fi muni, domin shagon nan shi ne igiyar da ta rage a hannunka. Muddin sai ya buɗe ƙofa da safe, dole ya dawo gida ya kwanta. Ranar da ka karɓe makullin, ka miƙa shi ga Village dare da rana, kuma wanda a da yake kiɗa don so, yanzu zai yi don ci, mai kabare ya samu yaro a arha.

Ka zaunar da shi ka tambaye shi yadda za ka tambayi wanda ya zo neman ka sa jari. Kayan kiɗan na wa ne, wa ya biya, ina rasit? In an tashi wasa, wa ke karɓar kuɗi, yaya ake rabo, mai kalangu daidai yake da mai waƙa ko kuwa? In mutum ya fita daga ƙungiya, me zai fita da shi? Sunan ƙungiyar da shafinsu na YouTube a hannun wa suke? Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta, don yau nan ne rumfar, kuma ƙungiyoyi da yawa ba giya ce ta watsa su ba, ranar da kuɗin farko mai kauri ya shigo ne aka gane ba a taɓa yin maganar rabo ba. In ya amsa maka tiryan-tiryan, to da mai sana'a kake magana. In ya tsaya sosa ƙeya, ka koya masa, ai fagenka ne. A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, da shaidu, yadda muke yi in za a haɗa kuɗin kwantena. Sannan ka duba aljihun shagonka da littafin bashi na wata shida da suka wuce. Lasifika da kuɗi ake saye, ya kamata ka san daga ina nasa kason ya fito.

Halacci ko haramcin kiɗa, malamai sun daɗe suna magana a kai, kuma Alhaji yana da malaminsa, wannan fili na kasuwa da iyali ne. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne kwalba da sallar asuba. Nan za ka kafa sharaɗi, ba sassauci. Ka sa yayansa ko wani amintacce ya riƙa ɗauko shi in an tashi, kada a bar shi zaman bayan wasa, don ba a kan dandamali yara ke lalacewa ba, a teburin da ake zama bayan an kashe lasifika ne. Ka kuma je wurin gwajinsu da rana, ba sanarwa, ka ga abokan da idonka. Mai fiyanon nan wataƙila ɗan maƙwabcinka ne na Marshe Santiral, shi ma ubansa na can yana kuka da yarensu.

Saura ku, Hajiyoyi, don ku ma da hannunku a ciki. Yaran nan ba don son warin giya suke zuwa Village ba, can ne kawai ake ba su fili. Institut français na Akwa ba kullum ba ne, kuma layi ne. Bukukuwanmu fa? Suna da kamu da wuni da walima, kusan kowane mako akwai a New Bell. A da masu kalangu da 'yan amada ake kira, irin su marigayiya Barmani Coge. Yanzu wa ake ɗaukowa? DJ da filas ɗinsa, ya jona Ado Gwanja da Hamisu Breaker, a yi ta liƙa wa lasifika kuɗi. Tsofaffin masu kalangun unguwa da yawa sun rataye shi sun koma gadi. Uwar biki ita ke zaɓen mai kiɗa, ba Alhaji ba. Ku gwada ko sau ɗaya, a wunin da za a yi da rana tsaka a tsakar gida, ku kira irin waɗannan yara, ku yi ciniki da su tun kafin ranar, kuɗi ƙayyadadde ba jiran liƙi ba, ku kuma gaya musu waƙar da ba ku so a yi a gaban surukai. Ku tanadar musu janareta da rumfa, saboda fatar kalangun nan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun adashin da ake zubawa ta waya, da abin da ake yi idan uwar adashi ta canza lamba.